Kwana Biyar a Kwatano

Babanmu, Malam Gwadabe, ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, a ɓangaren tsare-tsare. Yana cikin waɗanda aka kwaso daga Kano lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, daga baya ya samu gida mai ɗaki uku a Takur, a nan muka tashi ni da ƙanwata Rashida. Mutum ne da ba ya yin abu sai ya rubuta shi tukuna. Ko kasuwar Shuwarin zai je, sai ya zana layi a takarda, ya sa lokacin tafiya da na dawowa.

A shekarar 2001, ina da shekara goma sha huɗu, aka tura shi kwas na mako biyu a Badun. A can wani malami ya gaya musu wai ma'aikacin da ba ya kai iyalinsa hutu, aikinsa ba ya kyau. Baba ya rubuta wannan a littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Da ya dawo ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar.

Ya ce, "Idan an yi dogon hutu za mu Kwatano, bakin teku."

Umma ta ce, "Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To wa zai yi aure?"

"Hutu ne, Ikilima. Zuwa za mu yi mu huta."

"A nan ma ai ba wanda ya hana ka kwanciya, Malam."

Kakarmu Iya, wadda ta haifi Baba, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Sunanta Iyatu, a Ringim take zaune, ganin likitan ido ne ya kawo ta Dutse a makon nan. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kwatanon nan a ƙasar wa take?"

"Jamhuriyar Binin, Iya. Da can Dahome ake ce mata."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Can ta ce, "Da ni za a je."

Baba ya dube ta. Wannan mata ko Kano za a kai ta sai an yi kwana uku ana lallashi, ga shi lokacin tafiyar damina ce tsababa, geronta zai fara fitar da kai. Ya faɗa mata haka.

Ta ce, "Motar taka ce ba wuri?"

Ya ce akwai wuri. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Baba ya yi wata guda yana tsara tafiyar. Ya nemo mana takardun tsallaka iyaka, ya sa mai buga tafireta na ofishinsu ya buga jadawali kwafi biyar, kowa da nasa, har Rashida da take ajin farko na firamare, da Iya da ba ta karanta boko. Rana ta farko bakin teku. Ta biyu garin Ganbiye, ta uku Wida, ta huɗu Lome a ƙasar Togo, ta biyar bakin teku kuma da sayayya. Lome ce abin alfaharinsa, domin ya riga ya gaya wa abokan aikinsa ƙasa biyu zai kai mu.

Muka tashi a Fijonsa ranar wata Asabar cikin Agusta. Kwana biyu muka yi a hanya, muka yada zango a Ilori. Kayan Iya ba su wuce zane uku ba, sai ƙullin garin dawa, da kuka, da daddawa, da gishiri, da man shanu a kwalba, da 'yar tukunya. A kan iyaka wani jami'i ya ce sai ya ga abin da ke cikin kowane ƙulli. Ya fara da na daddawar, ya kwance, ya ɗaure, ya ce mu wuce.

Masaukinmu yana unguwar Fijirose, daga ƙofarsa kana jin tekun kafin ka gan shi. Da safe muka shirya. Lokacin shekara guda ke nan da ƙaddamar da shari'a a jiharmu, hijabinmu har ƙasa, ni da Umma da Rashida. Baba ya sa farin kaftani da hula zanna da takalmi sau-ciki da safa. Muna fitowa kan yashin muka tarar da Turawa kwance cikin rana, maza da mata, abin da ke jikinsu duka in an haɗa bai kai ɗankwalin Iya ba.

Baba ya ce, "Kowacce ta kalli gabanta."

Umma ta ce, "Ai gaban namu su ne."

Muka yi ta tafiya cikin yashi har sai da muka bar kowa a baya, muka samu gindin wata kwakwa muka shimfiɗa tabarma. Ni ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kogin da ke wucewa ta Ringim. Wannan kuwa bai tsaya wuri ɗaya ba, sai ya taso kamar bango, ya faɗi da ƙara, ya watso kumfa, ya koma ya sake tasowa. Rashida ta riƙe hijabin Umma ta ƙi saki.

Iya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ina ɗaya gaɓar?"

Baba ya ce, "Sai ƙasar Birazil, Iya."

Ta taka a hankali har inda kumfar ke ƙarewa, ta ɗebo da hannu ta ɗanɗana, ta tofar. Ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Duk wannan ruwan, ko albasa ba zai shayar ba."

Jadawali ya ce daga ƙarfe goma zuwa ɗaya "jin daɗi a bakin teku", don haka muka zauna daga goma zuwa ɗaya. Bayan kowane rabin awa Baba zai duba agogo ya ce, "Kuna jin daɗi?" Mu ce muna ji.

Wajen sha biyu wani mai tsire ya zo wucewa da tirensa a ka. Da ya ga hular Baba sai ya yi sallama da Hausa. Mutumin Dogon Dutsi ne, ta Nijar. Kafin Baba ya gama amsawa Iya ta matso.

"Ɗana, ka daɗe a ƙasar nan?"

"Shekara tara, Inna."

"Ko ka san wani Ɗanmusa, mutumin Ringim? Dogo ne, yana da wushirya."

Mai tsire ya yi tunani ya ce bai san shi ba. Da ya tafi Baba ya ce, "Wane Ɗanmusa, Iya?"

"Kawunka."

Duk mun san labarin, amma kamar yadda ake sanin tatsuniya. Ɗanmusa ƙanen Iya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Yana da shekara goma sha tara ya bi jirgin ƙasa daga Ringim, ya raka shanun wani fatake zuwa Ikko. Lokacin Baba yana shan nono. Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo, layi biyar da ajami, ya ce yana lafiya, yana Dahome. Daga nan shiru. An daɗe da yi masa addu'a da sadaka.

Baba ya ce, "Iya, shekara arba'in da uku fa. Kuma wannan ƙasa ce guda."

Ta ce, "To ai ga mu a cikinta."

Ya buɗe jadawalinsa ya duba, ya ce babu wurin wannan, sai dai ko ranar ƙarshe cikin awa biyun sayayya.

Washegari muka tafi Ganbiye. Gari ne sukutum a tsakiyar tafki, gidajen a kan dogayen itatuwa, kasuwarsu ma a cikin kwale-kwale ake cinta. Muka shiga wani jirgi mai inji, Umma ta rufe ido tana ta salati tun daga gaɓa. Iya ta ga wata mata tana wanke-wanke daga ƙofar ɗakinta, ga ɗanta ɗan shekara huɗu yana tuƙa nasa ƙaramin jirgin.

Ta ce, "Yaushe ambaliyar ta same su?"

Baba ya ce, "Ba ambaliya ba ce. Shekara ɗaruruwa haka suke zaune."

"Kuma har yau ba wanda ya kawo musu ɗauki?"

Duk jirgin da ya matso kusa da namu sai ta ɗaga murya ta ce, "Ɗanmusa? Ringim?" Matan su yi dariya su miƙo mata kifi ko abarba. Haka muka dawo masauki da abarba huɗu.

Rana ta uku Wida. An fara kai mu wani gida da ake ajiye mesa, mutanen garin suna girmama su. Suna nan kwance a ɗaki, sun fi talatin, wasu a kan wasu. Mai yi mana jagora yana jin Turanci kaɗan, ya ɗauko ɗaya ya ce ana rataya wa baƙo a wuya a ɗauke shi hoto. Ya nufi Baba. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ran nan, kuma bai tsaya ba sai bakin titi. Rashida ce ta karɓa aka rataya mata, tana dariya.

Iya ta ce wa jagoran, "Mu a Ringim kashe su muke yi." Ya tambaye ni me ta ce, na ce ta ce sun yi kyau.

Daga nan aka bi da mu wata doguwar hanyar jar ƙasa har bakin teku, inda aka gina wata babbar ƙofa ita kaɗai, ba bango, ba gida. Jagoran ya ce ta wannan gaɓar aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa, wanda ya wuce nan ba ya dawowa. Baba ya fassara. Iya ta ce a tambaye shi ko har da namu. Ya ce har da Hausawa, da yawa ma. Ta tsaya ta ɗaga hannu ta yi fatiha, muka shafa. Mun fi rabin awa a wurin, Baba bai duba agogo ba.

Da azahar muka tsaya a wani masallaci a cikin gari. Baba zai shiga Iya ta riƙe hannun rigarsa.

"In an idar ka tambayi limamin."

"Iya..."

"Ni mace ce, ba zan kutsa cikin maza ba. Da na shiga da kaina."

Ya shiga. Aka idar, mutane suka watse, bai fito ba. Da ya fito sai ya tsaya yana gyara zaman hularsa, wadda ba abin da ya same ta.

Ya ce, "Limamin bai san wani Ɗanmusa ba. Amma ya ce a Ajashe akwai wani tsoho Bahaushe mai gyaran keken ɗinki, 'yan garin suna ce masa Baba Lingim. Bai san dalilin sunan ba."

Iya ta ce, "Ina ne Ajashen?"

"Babban birninsu ne, Turawa na ce masa Poto Nobo. Gabas yake." Sannan ya ƙara da cewa, "Lome kuma yamma."

Da safe muka fito muka tarar Iya ta riga kowa. Tana zaune a kan bokiti kusa da motar, tukunyarta a cinya, ƙulle-ƙullenta a ciki. Baba ya zagaya motar ya duba tayoyi huɗu, ya buɗe gaba ya duba ruwa da baƙin mai. Sannan ya ce kowa ya kawo jadawalinsa. Ya ɗora su a kan mota, ya zaro biro, ya soke Lome a kwafi biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta Ajashe, ya mayar wa kowa nasa.

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. A bakin kasuwa Baba ya tsayar da wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba Lingim?" ya kwatanta juya keken ɗinki da hannu. Mutumin ya kaɗa kai ya shige gaba, muka bi shi lungu-lungu har wata rumfar kwano. Kawunan kekunan ɗinki ne jere a kan katako, wasu a buɗe. Wani dogon tsoho da tabarau yana sunkuye a kan ɗaya da 'yar kwalbar mai a hannu.

Iya ta fita tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta je bakin rumfar ta yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba. Sai kuma ya ɗago. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Ya ce, "Yaya Iyatu ce?"

"Ni ce."

"Kin tsufa."

"Kai ma ba a bar ka a baya ba."

Ya jawo mata benci ta zauna. Suka gaisa kamar makon jiya suka rabu: ina kwana, ina gajiya, ya damina, ya mutanen gida. Hausarsa ta ɗan karkace, yana sa "wi" ta Faransanci a inda za a ce "i". Ta nuna Baba ta ce wannan ne jaririn da ka bari. Baba ya durƙusa ya ce, "Kawu, ina wuni," ko da yake hantsi ne.

Iya ta ce, "Me ya hana ka zuwa gida?"

"Ina ta shirin zuwa."

"Shekara arba'in da uku?"

"Hanyar ce ba kyau."

Baba ya ce, "Gaskiya ne, musamman tsakanin Makwa da Jaba." Umma ta taka masa ƙafa.

Kawu ya ce da farko jira yake ya samu abin da zai shiga gida da shi. Da ya samu sai ga aure, sai ga 'ya'ya. Daga baya kuma kunya ta hana shi, kowace shekara ta fi ta bara nauyi. Sannan ya fara tambayar mutane da sunayensu. Baffa Sani? Ya rasu. Adama ta gidan liman? Ta rasu. Mai unguwa? Ya rasu, ɗansa ma da ya gaje shi ya rasu. Kowanne ya ce Allah ya jiƙansa. Ya tambayi mahaifinsu, ta ce tun shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira.

Can ya ce, "Inna fa?"

"Bana shekara goma."

"Goma kawai?"

"Goma. Ta bar maka saƙo. Ta ce duk wanda ya gan ka ya ce maka ta yafe."

Kawu ya sa hannu a kan keken da ke gabansa ya shiga juya shi. Ba zare, ba ƙyalle, allurar sai hawa da sauka take. Ni dai na ƙura wa allurar ido, don ban san inda zan kalla ba.

Gidansa yana bayan rumfar. Matarsa Mu'minatu Bayarabiya ce, gajera mai fara'a. Da aka gaya mata ko su wane ne sai ta ɗora hannu a ka ta yi ihu, ta zube gaban Iya, maƙwabta suka cika gidan. 'Ya'yansu shida, jikoki ban ƙirga ba, duk Faransanci da Yarabanci suke ji, Hausarsu ba ta wuce "sannu" ba. Suka yi ta ce mana sannu har yamma.

Iya ba ta tsaya karɓar gaisuwa ba. Ta nemi murhu, ta ɗora tukunyarta, ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa, ta zuba man shanu. Ta ajiye a gaban ƙanenta. Ya wanke hannu ya ci malmala uku, mu duka muna kallonsa. Da ya gama ya suɗe kwanon.

Ya ce, "Gishirin ya ɗan yi kaɗan."

Iya ta ce, "Wanda na kawo ke nan. In kana son daidai ka zo Ringim."

A can muka bar ta ta kwana. Rana ta biyar Baba ya je ya ɗauko su, ita da Kawu da Mu'minatu da jikoki biyar a kujerar baya, muka koma gindin kwakwarmu. Ashe Kawu, da duk shekarunsa a ƙasar, bai taɓa zuwa bakin teku don ya zauna ba.

Ya ce wa Baba, "Me ake yi a nan?"

"Hutawa, Kawu."

"To."

Iskar ta dame su, shi da Iya suka juya wa tekun baya, suka ci gaba da lissafin wa ya auri wa, gonar wa aka raba. Jikokin Kawu suka ja Rashida cikin ruwa. Baba ya daɗe yana kallonsu. Sai muka ga ya cire takalmi, ya cire safa ya naɗe ya sa a ciki, ya tattare wando zuwa gwiwa. Ya taka har ruwan ya rufe idon sawunsa, ya juyo zai ce mana wani abu. Igiyar ruwa ta zo ta bayansa ta kwashe shi. Ya tashi zaune cikin kumfa, yashi har cikin kunne, hular ta yi gaba abinta. Umma ta yi dariya har sai da ta kwanta a tabarma. Baba ya tofar da ruwa ya ce da ma hular ta tsufa, kuma bai fito ba sai da ya ƙara shiga sau biyu.

Da za mu rabu Kawu ya ce yana nan zuwa da ƙaramar salla. Iya ta ce Allah ya kai mu. Salla ta zo ta wuce, babba ma ta wuce, ba a gan shi ba, ba ta kuma yi maganar ba.

Sai bayan shekara biyu, ran wata Talata, mota ta sauke shi a tashar Dutse da jaka ɗaya da kan keken ɗinki da ya kawo wa Umma. Baba ya kai shi Ringim. Bai gane garin ba, sai da aka kai shi tsohuwar tashar jirgi sannan ya iya nuna hanyar gidansu. Ya je maƙabarta, aka nuna masa wajen da ake jin nan ne. Ya zaga dangi, yawancinsu ba su san shi ba, amma sun yi masa fura. Ya yi ƙorafin zafi, ya yi ƙorafin burodin garin, ya gyara duk wani keken ɗinki da ke unguwar ba tare da an roƙe shi ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi, ya ce zai koma, ya bar aiki a rumfa.

Lokacin ina Ringim wurin Iya, ni da ita muka raka shi tashar mota. Ya shiga ya zauna ta taga, ya ce sai ya sake zagayowa. Ta ce ya gaida Mu'minatu da yara. Motar ta tashi, muka tsaya har ta sha kwana. Iya ta gyara mayafinta, ta ce mu biya ta kasuwa, ashanar gidan ta ƙare.